Isaac Asimov a Tarurrukan Ma'abota Labaran Kimiyya, 1939 zuwa 1992



Gabatarwa

Idan ana nazarin tarihin adabi, abin da aka saba shi ne a ɗauki marubuci, a faɗi shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa, a jera abin da ya wallafa, sa'an nan a shiga feɗe jigo da salo. Mai karatu kuwa, watau wanda ya cire kuɗinsa ya sayi littafin, ba safai ake jin ɗuriyarsa ba. A wannan lacca ina so mu dubi wani marubuci ta wurin da yake cuɗanya da masu karatunsa ido da ido. Marubucin shi ne Isaac Asimov na ƙasar Amurka, wanda ya rayu daga 1920 zuwa 1992. Wurin cuɗanyar kuwa shi ne tarurrukan da ma'abota ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi suke yi shekara-shekara.

Da ma sai na share fage game da waɗannan rassa biyu na adabi. Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda aka gina bisa abin da ilimin kimiyya ya gano, ko wanda ake zaton zai gano nan gaba, kamar tafiya sararin samaniya da ƙera mutum-mutumin inji mai tunani. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969, ya ɗanɗani irinsa da Hausa. Labarin al'ajabi kuwa shi ne na aljannu da tsafi da dodanni, inda ba a tambayar marubuci hujjar kimiyya. A Amurka da Ingila ma'abota rassan nan biyu sukan haɗu a taro ɗaya, sukan kuma ba da lambar yabo ɗaya.

Abin da nake so in nuna shi ne, tarurrukan nan sun yi wa Asimov abu biyu. Sun rene shi har ya zama babban marubuci, sun kuma kau da kai daga wata mummunar ɗabi'a tasa shekara da shekaru. Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya, watau kusancin da ke tsakanin marubuci da masoyansa.

Asalin taron

A watan Afrilu na 1926 wani mutum mai suna Hugo Gernsback ya fara buga mujallar Amazing Stories, wadda ita ce ta farko da ta keɓanta ga labaran kimiyya zalla. Ba da daɗewa ba ya riƙa buga wasiƙun masu karatu tare da cikakken adireshinsu. Wannan ƙaramin abu shi ya haifar da duk abin da ya biyo baya. Yaron da ke zaune a wani gari yana zaton shi kaɗai ne mai sha'awar irin waɗannan labarai, sai ga shi ya sami adireshin ire-irensa. Suka shiga rubuta wa juna wasiƙa, suka kafa ƙungiyoyi, suka riƙa buga 'yan mujallunsu na kansu da keken gurza takarda. A watan Oktoba na 1936 waɗansu samari daga New York suka ziyarci takwarorinsu a Philadelphia, suka kira haɗuwar tasu taro. A watan Janairu na 1937 aka yi wani a birnin Leeds na Ingila, wanda Arthur C. Clarke ya halarta yana saurayi. Ma'abota abin sun daɗe suna gardamar wanne ne na farko a cikin biyun.

Shi Asimov an haife shi a ƙauyen Petrovichi na ƙasar Rasha, iyayensa Yahudawa suka yi hijira da shi zuwa Amurka a 1923, suka zauna a unguwar Brooklyn ta New York. Mahaifinsa ya buɗe kantin alewa da jaridu, kuma a kan kantar shagon nan ne yaron ya fara karanta mujallun labaran kimiyya, yana lallaɓa su don kada su yamutse a kasa sayarwa. Shi ma ta wasiƙa ya shiga, domin sunansa ya fito a shafin masu karatu tun kafin ya fito a kan wani labari. A 1938 ya shiga wata ƙungiyar samari da ake kira Futurians, a shekarar kuma ya fara kai labaransa ofishin John W. Campbell, editan mujallar Astounding.

Taron 1939

Daga ranar 2 zuwa 4 ga Yuli, 1939, aka yi taron da aka laƙaba wa suna Taron Duniya na Labaran Kimiyya, wanda ake taƙaita sunansa da Worldcon. An yi shi a wani zaure mai suna Caravan Hall a New York, mahalarta kimanin 200. Kalmar duniya da ke cikin sunan aro ce daga babban bajekolin duniya da ake yi a birnin a shekarar, domin kusan duk waɗanda suka zo Amurkawa ne. Babban baƙo shi ne Frank R. Paul, mai zanen bangon mujallu. Cikin samarin da suka zo daga nesa akwai Ray Bradbury, wanda a lokacin ba wanda ya san shi.

Taron bai fara da lafiya ba. Akwai tsohuwar gaba tsakanin masu shirya shi, watau Sam Moskowitz da William Sykora da James Taurasi, da 'yan ƙungiyar Futurians, waɗanda waɗansunsu ke da ra'ayin gurguzu, suna kuma son a sa labaran kimiyya su yi wa siyasa aiki. Masu shiri suka tsare ƙofa, suka hana mutum shida daga cikinsu shiga, ciki har da Donald Wollheim da Frederik Pohl da Cyril Kornbluth. Asimov ɗan ƙungiyar ne, amma shi an bar shi ya shiga. Shekarunsa 19 a lokacin, labarinsa na farko ya fito a Amazing Stories a watan Maris na shekarar, wani kuma ya fito a Astounding ta watan Yuli. Ashe tun ranar farko ƙafarsa ɗaya tana cikin masoya, ɗaya tana cikin marubuta.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda aka tsare a ƙofa ba su ɓace ba. Pohl ya zama edita kuma wakilin marubuta, har ya taɓa zama wakilin Asimov. Wollheim ya zama babban mai ɗab'i. Haka nan kamfanin Gnome Press, wanda ya fara fitar da I, Robot a 1950 da littattafan Foundation guda uku daga 1951 zuwa 1953, mutum biyu daga cikin ma'abota abin ne suka kafa shi, Martin Greenberg da David Kyle. A zamanin da manyan kamfanonin ɗab'i ke raina wannan adabi suna ganinsa karatun yara, masoyan da ke haɗuwa a tarurruka su ne suka zama editocinsa da masu buga shi da masu sharhinsa.

Daga ɗan kallo zuwa sanƙira

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da taron daga 1942 zuwa 1945. Asimov ya yi shekarun yaƙin yana aikin kimiyya a sansanin sojan ruwa na Philadelphia tare da marubuta biyu, Robert Heinlein da L. Sprague de Camp. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Columbia a 1948, ya kuma kama koyar da kimiyyar sinadaran jikin halitta a makarantar likitanci ta Jami'ar Boston. A aji da kuma a tarurruka ya gano yana da wata baiwa bayan ta alƙalami, watau iya magana gaban jama'a ba da takarda ba, da sa mutane dariya.

Wannan baiwa ita ta ba shi matsayin da ya fi shahara da shi a tarurrukan. A kowane taro akan yi liyafa, akan kuma naɗa wani mai baki ya jagoranci zaman, ya gabatar da manyan baƙi, ya zolayi wannan ya wasa wancan. Aikinsa ya yi kusa da na sanƙira a wajenmu. A taron Philadelphia na 1953, inda aka fara ba da lambar yabo ta Hugo, wadda aka sa wa sunan Gernsback, Asimov ne sanƙiran. Lambar siffar roka gare ta, kuma ba wani kwamitin masana ke zaɓen wanda za a ba ba. Duk wanda ya biya kuɗin zama ɗan taro yana da ƙuri'a. Wannan ya bambanta ta da yawancin lambobin adabi, domin hukuncin mai karatu ce kai tsaye.

A 1955, a birnin Cleveland, aka yi shi babban baƙon taron yana da shekara 35, shekara 16 ke nan bayan ya shiga Caravan Hall yana ɗalibi. A taron New York na 1956 kuwa wata likitar ƙwaƙwalwa mai suna Janet Jeppson ta miƙa masa littafi ya sa mata hannu. Yana fama da ciwon tsakuwar ƙoda a ranar, ya yi mata wata zolaya da ba ta yi mata daɗi ba, ta tafi tana ganinsa marar kirki. Sun sake haɗuwa a 1959, kuma a 1973 ta zama matarsa ta biyu.

Lambar da ta ƙi zuwa

Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957, Asimov ya karkata ga rubuta littattafan bayanin kimiyya don talakawa. A 1958 ya bar koyarwa ta kullum, ya kuma fara rubuta maƙalar kimiyya wata-wata a mujallar Fantasy and Science Fiction, wadda ya ci gaba da ita har ta kai 399. Kimanin shekara 15 ƙagaggun labaransa suka yi ƙaranci ƙwarai. Wani marubucin da tuni an manta da shi a wannan fage. Abin da ya riƙe sunansa shi ne bayyanarsa a tarurruka, inda sababbin masu karatu ke ganinsa suna jin barkwancinsa, suna komawa su nemi tsofaffin littattafansa.

Matsalarsa ita ce, manyan labaransa sun fito kafin a ƙirƙiro lambar Hugo. Saboda haka ya zama mai miƙa lamba ga waɗansu, shi kuwa hannu wofi. Sai ya mai da abin abin wasa. A littafin The Hugo Winners da ya tattara a 1962, gabatarwar da ya yi wa labaran cike take da ƙorafin wasa a kan rashin lambarsa. A taron Washington na 1963, yana sanƙira, ya tsaya yana irin wannan ƙorafi kafin ya buɗe ambulan na ƙarshe, da ya buɗe sai ya tarar sunansa ne a ciki: lamba ta musamman saboda maƙalunsa na kimiyya. Masu shiri sun san abin da ke cikin ambulan, da gangan suka bar shi ya yi ta kumfar baki.

A 1966 taron ya koma Cleveland, aka ƙirƙiro wani rukuni na sau ɗaya tak, watau jerin labaran da ya fi kowane a tarihi. Asimov da kansa ya ɗauka an yi rukunin ne don a girmama J. R. R. Tolkien mai The Lord of the Rings. Sauran 'yan takara su ne jerin labaran Heinlein da na Edgar Rice Burroughs da na E. E. Smith. Da aka ƙirga ƙuri'u sai Foundation ya lashe. A wannan taro ne kuma Gene Roddenberry ya nuna wa mahalarta shirin talabijin na Star Trek 'yan kwanaki kafin a fara watsa shi ranar 8 ga Satumba. Da masoyan shirin suka yi nasu taron a New York a watan Janairu na 1972, wanda mutum kimanin 3,000 suka halarta, Asimov yana cikin waɗanda suka yi jawabi.

Littafin da aka haifa a zauren taro

Kada a ɗauka taron wurin raha da raba lamba ne kawai. Akwai littafin da a can aka ɗauki cikinsa. A watan Janairu na 1971, a wani taro a New York, Asimov yana zaune cikin 'yan kallo yana sauraron muhawara tsakanin marubuta biyu, Robert Silverberg da Lester del Rey. Silverberg yana neman misali sai ya ambaci wani nau'in sinadarin plutoniyam mai lamba 186. Asimov, da yake masanin sinadarai ne, ya san babu irin wannan nau'i, kuma ba zai yiwu a same shi ba, domin cibiyar ƙwayar zarrarsa ba za ta iya zama dunƙule ba bisa ƙa'idojin halitta da muka sani. Ya faɗa wa Silverberg haka, ya kuma ce duk da haka zai rubuta labari a kansa. Don ya cika alkawari sai ya ƙago wata duniya dabam wadda ƙa'idojinta suka saɓa wa namu, inda irin wannan sinadari zai iya zama. Gajeren labari ya yi niyya, amma abin ya yi ta tsawo har ya zama littafin The Gods Themselves, wanda ya fito a 1972, ya kuma ci lambar Hugo a 1973. Da shi ya dawo fagen da ya yi wa nisa. Bayansa ya sake cin lambar a 1977 da kuma 1983.

Sai dai akwai iyakar inda ƙafarsa ke kaiwa. Asimov yana tsoron jirgin sama, sau biyu kaɗai ya hau shi a rayuwarsa, duka biyun kuma a bakin aikin soja. Ga mutumin da ya cika littattafai da tafiya tsakanin taurari, amma mota da jirgin ƙasa da na ruwa su ne abin hawansa. Lokacin da taron ya fara cancantar sunansa na duniya, aka kai shi Landan a 1957 da 1965, Heidelberg ta Jamus a 1970, Melbourne ta Ostireliya a 1975, shi duniyarsa ta tarurruka ta tsaya galibi a gabashin Amurka.

Abin da taron ya rufe

Yanzu na zo ɓangaren da ba shi da daɗin faɗi, amma mai tarihi ba ya zaɓen abin da ya yi masa daɗi. Asimov yana da ɗabi'ar taɓa jikin mata ba da yardarsu ba. Yakan mintsine su, ya rungume su, ya sumbace su, a tarurruka da ofisoshin masu ɗab'i. Ba a ɓoye yake yi ba, kuma shi da kansa ya ambaci irin wannan hali a littattafan tarihin rayuwarsa yana mai da shi abin raha. Alec Nevala-Lee, wanda ya wallafa tarihin wannan zamani a littafinsa Astounding a 2018, ya bi diddigin al'amarin, ya kuma yi rubutu na musamman a kansa a 2020.

Hujjar da ta fi nuna matsayin taron ita ce wata wasiƙa ta 1961. Earl Kemp, shugaban taron da za a yi a Chicago a 1962, ya rubuta wa Asimov yana gayyatarsa ya yi laccar barkwanci a kan fa'idar mintsinin mata, har yana cewa za a samo waɗanda za a gwada a kansu. Ba a yi laccar ba. Amma ku dubi abin da wasiƙar ta tabbatar: shugabannin taro sun san halin, kuma abin dariya suka ɗauke shi. Yarinyar da ta zo da littafinta tana ɗokin ganin gwaninta, idan aka yi mata haka, wa za ta kai wa ƙara? Wanda ya yi mata shi ne sanƙiran taro, wanda kowa ke jiran ya buɗe baki a yi dariya. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nan kuwa cibin a fili yake, masu kallo ne suka ga dama suka runtse ido.

Wannan shi ne dalilin da na ce tushen abubuwan biyu ɗaya ne. Taron ya ɗauki kansa gida guda, marubuci da mai karatu suna cin abinci a teburi ɗaya, ba shamaki. Wannan zumunci ya ba ɗan mai kantin alewa damar zama gagarabadau. Shi ne kuma ya sa aka ji nauyin tsawata masa, domin a cikin gida babba ba ya laifi. Hasarar ba ta tsaya ga matan da aka ci wa mutunci ba. Adabin da masu karatu ke zama marubutansa, idan aka sa rabin masu karatun suka ji ba su da kwanciyar hankali a zauren taro, to, an rage masa marubutan gobe ke nan.

Kammalawa

Asimov ya mutu ranar 6 ga Afrilu, 1992, ya bar littattafai kimanin 500 waɗanda ya rubuta ko ya tattara. Shekara goma bayan haka matarsa ta bayyana cewa cutar ƙanjamau ce sanadi, wadda ya ɗauka ta ƙarin jini lokacin da aka yi masa aikin zuciya a 1983. A taron shekarar da ya mutu masu ƙuri'a sun ba labarinsa Gold lambar Hugo, a 1995 kuma suka ba littafin tarihin rayuwarsa na ƙarshe.

Taron da ya bari ya canza. A 2013 marubuci John Scalzi ya shelanta ba zai ƙara halartar taron da ba shi da rubutacciyar ƙa'ida ta hana cin zarafi ba, ɗaruruwan mutane suka mara masa baya, irin wannan ƙa'ida kuwa ta zama abin da aka saba gani a manyan tarurruka. A 2016 Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci lambar Hugo da labarinta Binti. N. K. Jemisin, baƙar fata 'yar Amurka, ta ci lambar babban littafi shekara uku a jere, daga 2016 zuwa 2018. A 2019 aka cire sunan John W. Campbell, maigidan Asimov, daga lambar sababbin marubuta saboda ra'ayoyinsa na wariyar launin fata. An kai taron Japan a 2007 da ƙasar Sin a 2023, ko da yake har zuwa 2025 bai taɓa zuwa Afirka ba.

Ga ɗaliban adabi, abin da zan bar muku shi ne, idan kuna nazarin marubuci ku nemi inda yake haɗuwa da masu karatunsa, ku tambayi wa aka bari ya shiga, wa aka tsare a ƙofa, me aka yi wa tafi, me kuma aka yi shiru a kansa. Ga ma'aikata kuwa, waɗanda yawancinku kuna zama a kwamitoci kuna shirya taruka, tarihin nan ya nuna cewa ƙungiyar da ba ta da hanyar da ƙarami zai kai ƙarar babba, komai daɗin zumuncinta, wani na cikinta yana cutuwa. Mutanen Worldcon sun ɗauki fiye da shekara 70 kafin su rubuta wannan hanya a takarda.